Wa Ya Saki Ruwan Tiga?

Duk shekarar da damina ta yi nauyi a ƙasar Kano, da zarar Agusta ya raba tsakiya, magana ɗaya ce ke zagaya kasuwa da tasha da gidajen rediyo: an saki ruwan Tiga. Wanda katangarsa ta faɗi a Kiru haka zai ce. Wanda ruwa ya shanye masa shinkafa a Tudun Wada haka zai ce. Mutanen Warawa da Ringim da Auyo, waɗanda kan kwana a bakin titi da 'ya'yansu saboda ruwa ya shiga ɗaki, su ma bakinsu ɗaya. Sai hukuma ta zo ta ƙirga gidaje da gonaki, ta rubuta su duka da suna guda, ambaliya, a raba shinkafa da tabarmi da kwanon rufi, a watse sai baɗi.

Amma in mutum ya zauna ya auna zancen, zai tarar da abubuwa uku da suka ƙi shiga. Na farko, Doguwa da Tudun Wada suna sama da madatsar Tiga ne, ruwansu ne ke gangarowa cikinta, kuma ruwa ba ya hawa tudu. Na biyu, gidaje da dama da ke rushewa a Kiru da Bebeji suna cikin garuruwan da babu wani kogi kusa da su. Na uku shi ya fi ɗaure kai. A can ƙasa, tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, dattawa na kukan cewa madatsar ta raba su da ambaliyar da suka gada, wadda ke kawo musu kifi da shinkafa da ciyawa, alhali 'ya'yansu na kukan cewa ruwa ya zauna a gonakinsu ya ƙi tafiya rani da damina. Yaya za a yi madatsa ɗaya ta zama mai laifin yawan ruwa, kuma mai laifin rashinsa, a wuri ɗaya?

Ruwa ba ya tsami banza. Hanyar gane bakin zaren ita ce mu bi sawun ruwan tun daga inda ya faɗo, mu riƙa tambayarsa a kowane zango.

Ruwan dutse

Kogin Kano ya taso ne daga duwatsun kudu, wajen Riruwai, hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa, inda ƙasar Kano ta yi iyaka da Kaduna da Bauchi, inda kuma aka daɗe ana haƙar kuza. Nan ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a jihar, yakan haura milimita 1,000 a shekara. Ƙasar wurin kuwa ba ta da zurfi, dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashinta. In an yi ruwa mai ƙarfi ba shi da wurin nutsewa, sai ya bi gangare a guje, ya taru a kwaruruka, rafin da yaro ya tsallake da safe ya zama abin da ke jan saniya da la'asar. Kafin gari ya waye ya wuce, ya bar yashi a kan masara, ya bar kwazazzabo a inda da gona take, wani lokaci ya tafi da kwalbati ya raba ƙauye da kasuwarsa.

Abin da ke taka wa wannan ruwa birki shi ne daji. Kogin ya ratsa ta dajin Falgore, wanda da ake kira gandun dajin Kogin Kano, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, wanda ya shiga Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Ganye na tare ɗigon ruwa, saiwa na riƙe ƙasa, ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa na shanye ruwa ya riƙa sakinsa a hankali. Duk wanda ke bin hanyar Kwanar Ɗangora zuwa Jos ya ga buhunan gawayi da tarin itace a bakin titi. Kowace bishiya da ta koma gawayi ta ƙara wa ruwan gudu, ta kuma ƙara masa ƙasar da zai ɗauka ya tafi da ita. Mu riƙe zancen wannan ƙasa da ruwa ke ɗauka, za mu sake haɗuwa da ita a gaba.

To, a wannan zango Tiga ta kuɓuta. Ruwan da ya yi ɓarna a Doguwa bai ma iso ta ba tukuna.

Katangar da ta sha ruwa

Sai gidajen da ke faɗuwa a kan tudu. A nan sai an matsa kusa an duba katangar kanta. Ginin ƙasa ba ya tsoron ruwa mai ƙarfi na sa'a guda, abin da ke kashe shi ita ce marka, ruwan nan na Agusta da ke kwana yana zuba, a yini ba a ga rana ba. Duba gindin katanga a irin waɗannan kwanaki, za ka ga wani duhun danshi ya taso daga ƙasa ya kai gwiwa. Tubali na tsotsar ruwa daga tushe yana hawa da shi. In ka danna yatsa a wurin sai ya lotsa. A sama kuma ƙasar rufin soro ta jiƙe ta ninka nauyi, in ciyawa ta toshe indararo ruwa ya kwanta a kai, azara ta fara lanƙwasa. Nauyi na ƙaruwa daga sama, ƙarfi na raguwa daga ƙasa. Shi ya sa ɗaki kan zube cikin dare, a kan mutanen da ke barci, ba tare da ruwa ya shigo ko da taɓa idon sawu ba.

Magabata sun san wannan. Kafin damina akan sake yaɓe, a gyara rufi, a buɗe indararo, a shafa makuba. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Ƙasar da aka gina gari da ita daga cikin garin aka haƙo ta, ramin ya zama kududdufi, kududdufin ya zama ma'ajiyar ruwan unguwa. Yau mutane sun yi yawa, fili ya yi tsada, an cike kududdufai da shara an yi gini a kai. Lambatu ya cika da leda. An ɗaga titi ya fi daɓen gidaje tsayi. Ruwan da a da ya san inda zai nufa, yanzu sai ya tsaya a lungu yana jiƙa tushen katanga. Wasu kuma sukan shafe katangar ƙasa da siminti don kariya, amma in simintin ya tsage ruwa ya shiga ta baya, ba shi da hanyar bushewa, sai ƙasar ta narke a ɓoye fuskar gini na nan kamar lafiya lau.

Wannan ma ana rubuta shi ambaliya, amma ruwan sama ne da ya faɗo a kan gidan da maƙwabtansa. Babu hannun kogi ko madatsa a ciki.

Tafkin da kansa

Yanzu mun iso wurin wanda ake tuhuma. An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da fari ya gallabi ƙasar Hausa da dukan yankin Sahel. Bango ne na ƙasa da duwatsu, tsawonsa kusan kilomita 6, tsayinsa mita 48, an tsara tafkin ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2 a faɗin murabba'in kilomita 178. Daga nan babban kanal ke ɗaukar ruwa zuwa aikin noman rani na Kadawa, wanda ya mai da Kura da Garun Malam da Bunkure gidan shinkafa da alkama da tumatir. Ruwan shan birnin Kano ma ya dogara da ita da 'yar'uwarta ta Challawa da ke Karaye, wadda aka kammala a 1992. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da su.

Akwai nau'in ɓarna biyu a nan, ɗaya a bayan bango, ɗaya a gabansa.

Na bayan bango shi ne na manoman bakin tafki. Da rani ruwa na ja da baya ya bar laka mai taushi, manomi ya bi shi yana shuka. In an jera shekaru tafkin bai cika ba, gonakin sai su ƙara nutsawa ciki, har a manta cewa wurin na ruwa ne. Ranar da damina mai albarka ta zo, tafkin ya koma iyakarsa, rafukan da ke zuba a cikinsa su rasa hanya su kumbura su koma da baya. Ba sakin ruwa ya ci waɗannan gonaki ba, riƙe shi ne ya ci su. Ƙasar nan da ruwa ke kwasowa daga gangaren Doguwa kuwa a gindin tafkin take kwanciya, tana cinye gurbin ruwa shekara bayan shekara.

Na gaban bango shi ne ya haifi zancen saki. Mutane na zaton akwai wata babbar ƙofa da wani jami'i ke buɗewa cikin dare. Akwai bututun sakin ruwa zuwa kanal da kogi, amma abin da suke iya fitarwa kaɗan ne in aka kwatanta da ruwan da ke shigowa a tsakiyar damina. Babbar mafitar Tiga ba ta da ƙofa. Leɓe ne da aka gina a wani tsayi, in ruwa ya kai shi sai ya tsallake da kansa, kamar randar da ta cika ta tumbatsa. Babu mai buɗe shi, babu kuma mai iya rufe shi. Haka aka tsara, domin in ruwa ya hau kan bangon ƙasa ya bi ta samansa, bangon ne zai tafi gaba ɗaya.

Mutanen Bebeji sun ga irin wannan da idonsu. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda, wadda ba ta kai Tiga ba ko kusa, ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, ta yi ɓarnar da har yau ake ba da labarinta. Ambaliyar ɓallewar madatsa ita ce ta fi kowacce muni, irin wadda Maiduguri ta gani a Satumban 2024 da madatsar Alau ta fashe. Saboda fargabar ƙarfin bango, a 1992 aka rage tsayin leɓen mafitar Tiga. Bangon ya samu sauƙi, amma tafkin ya rage abin da yake iya riƙewa, don haka yana saurin kaiwa ga tumbatsa. A ƙarshen daminar 2001 Tiga da Challawa suka cika suka zubar, ruwa ya ci garuruwa a Kano da Jigawa, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Ko a nan ma, adalci ya sa a faɗi cewa a yawancin shekaru madatsar rage ruwan Agusta take yi, domin tana haɗiye na farkon damina. Ruwan da ke isa Wudil da Ringim ya haɗa da na Challawa da duk abin da ya zuba a ƙasa da madatsun biyu. Sai dai shekarun da kogin ya yi laƙwas, na fari da na bayan gina madatsu, sun sa mutane sun sauka cikin fadama sun yi gini da gona a hanyarsa. In shekara irin 2022 ta zo, wadda ruwa ya kashe mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, kogi kan dawo ya tarar da mutane a gadonsa.

Inda sawun ya ɓulla

Saura tambaya ta uku, kuma amsarta ba a damina take ba.

Bayan Kogin Kano ya haɗu da Challawa sun zama Kogin Haɗeja, sai ƙasa ta sauya. Dutse ya ƙare, an shiga shimfiɗaɗɗen yashi na kwarin Tafkin Chadi, inda gangare ya kusa ɓacewa. Kogin ya rarrabu rassa, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, kafin ya haɗu da Kogin Jama'are wajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe. Kafin 1974 wannan kogi na da lokaci. Yakan cika da damina ya malala, a shekarun 1960 ruwan kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. Kifi ya bi shi ya hayayyafa a cikin ciyawa, manomi ya shuka shinkafa a gabansa, in ya janye a shuka wake da sauran amfani a kan danshinsa, makiyayi ya shigo da shanu, abin da ya nutse ya cika rijiyoyi har nesa. Da rani kuwa kogin yakan ƙafe ƙaf, sai yashi. Wannan ita ce ambaliyar da dattawa ke kewa. Ba masifa ba ce a wurinsu, ita ce dukiyar shekara. Fari da madatsu suka haɗu suka rage ta, a shekarun 1980 ta koma ƙasa da rabin yadda take. Masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, sun wallafa bincike a 1998 da ya nuna cewa amfanin da ruwa ke bayarwa in ya malala a waɗannan fadamu ya fi wanda yake bayarwa a manyan filayen ban-ruwa na sama. Rabin kukan ke nan ya tabbata.

Ɗaya rabin fa? Tiga da Challawa suna iko da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan Kogin Haɗeja. Sun rage na damina, amma sun kawo abin da kogin bai taɓa sani ba, wato ruwan rani. Ana saki kaɗan-kaɗan domin noman rani da shan birni, rarar da ta fito daga gonaki ta koma kogi, don haka gadon da ke bushewa wata da watanni ya zama yana da ruwa shekara cur. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa, ɗauke da taki daga gonaki. Akwai ciyawa ɗaya da wannan ne duk abin da take nema, ita ce kacala.

Wanda bai shiga cikinta ba ba zai gane ƙarfinta ba. Ta fi mutum tsayi, ganyenta dogo ne mai kauri, kanta kamar zangarniyar gero mai ruwan ƙasa, in ya bushe ya fashe ya saki iri kamar auduga iska ta watsa. Asirinta na ƙasa, saiwoyi masu kauri da ke saƙa juna a cikin laka suna tsiro ta kowace gaɓa. In ka sare ta sama da ruwa, cikin 'yan makonni ta dawo. A da rani ne ke kashe ta, da wuta da kofaton shanu. Da aka ɗauke rani daga kogi sai ta samu sarari. Ta tsaya a hanyar ruwa ta rage masa gudu, laka da yashi su kwanta a gindinta, gadon kogi ya taso, ta ƙara samun wurin tsiro. Babbar ambaliyar da a da ke zuwa ta wanke gadon kogin kuma an tare ta a sama.

Haka rassa irin su tsohon Kogin Haɗeja da Burum Gana suka toshe. Ruwa ya karkata zuwa reshen Marma da tafkin Nguru, ya haye gonaki ya zauna, kacala ta biyo shi, tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya a cikinta suna fitowa suna cinye hatsi. Waɗanda ke kan rassan da suka toshe kuwa suka koma ba ruwa. Ga shaida mai ƙarfi: yawancin ruwan da ke isa Gashuwa yanzu na Kogin Jama'are ne, wanda ba a kammala masa madatsar Kafin Zaki ba, yana nan da damina da raninsa. Kuma in damina mai nauyi ta zo Tiga ta tumbatsa, ruwan kan tarar da hanya a cushe, sai ya faɗa garuruwa.

Ashe dattawa da 'ya'yansu duk gaskiya suka faɗa. Ruwan Agusta da ake zargin an saka, babu wanda ya sake shi. Ruwan da hannun mutum ke saki da gaske shi ne ɗan kaɗan na rani, wanda kowa ke sa wa albarka, kuma shi ne ya sauya kogin. Matsalar ba yawan ruwa kaɗai ba ce, an rikita masa lokaci ne.

Kowace cuta da maganinta

Abin da muke kira da suna ɗaya ya kasu biyar: ruwan dutse mai gudu, ruwan sama da ke narka gini, tafkin da ke komawa iyakarsa, tumbatsa ko ɓallewar madatsa, da ruwan da ke zama saboda hanya ta toshe. Bayansu ga ta shida, wadda ake roƙon ta dawo. Buhun shinkafa na kashe yunwar mako guda, kuma wanda ya rasa ɗaki yana buƙatarsa, amma ba ya hana ko ɗaya daga cikinsu dawowa.

Maganin Doguwa da Tudun Wada na cikin dajin Falgore da bishiyoyin bakin rafi, da kwalbatocin da aka auna da girman ruwan wurin. Maganin Kiru da Bebeji na hannun mai unguwa da magina da ƙaramar hukuma: a bar kududdufan da suka rage, a yashe lambatu tun bazara, a ɗaga tushen gini da dutse ko bulo, a fitar da iyali daga ɗakin da danshi ya kama in marka ta kankama. A bakin tafki a kafa alamar da kowa zai gani ta iyakar da ruwa ke kaiwa in ya cika. Tunda mafitar Tiga ba ta da ƙofa, tsayin ruwanta ba abin ɓoyewa ba ne. A riƙa faɗinsa a rediyo da Hausa kowace rana daga Yuli zuwa Oktoba, domin ruwa na ɗaukar kwanaki kafin ya kai Haɗeja, kuma kwanakin nan sun isa a kwashe yara da dabbobi da hatsi. A kuma riƙa duba lafiyar bangon Tiga da na Bagauda da sauran ƙananan madatsun jihar, a sanar da jama'a sakamakon.

Na ƙasa shi ya fi wuya, domin yashe kogi da sare kacala ba sa ɗorewa muddin ruwan rani na nan yadda yake. Sai an maido wa kogin wani abu na lokacinsa: a tsuke ɓarnar ruwa a kanal-kanal na Kadawa, a ba gadon kogi damar bushewa na wani lokaci, a saki ruwa da niyya a damina gwargwadon abin da bututun madatsun za su iya. An gwada irin wannan a maƙwabta. A arewacin Kamaru madatsar Maga da aka gina a 1979 ta busar da fadamun Waza da Logone, a 1994 aka buɗe wa ruwa hanya da gangan, ciyawa da kifi suka fara dawowa. Yin haka a nan na buƙatar manomin Kura da masuncin Nguru da makiyayin Gashuwa da mai shan famfo a Kano su zauna da hukumar koguna da gwamnatocin Kano da Jigawa da Yobe a kan jadawali guda. Matakin farko kuwa ba ya cin kuɗi: duk jami'in da aka tura ƙirga ɓarna, ya rubuta a gaban kowane gida da kowace gona daga ina ruwan ya zo.